Garso a Motar Yawon Buɗe Ido

Labari iri biyu kuka tashi kuna ji game da yadda shanun gidanmu suka ƙare, kuma ina jin kowannenku ya riƙe wanda ya fi masa daɗi. A ruga, wajen 'ya'yan yayana Hamma Dikko, ana cewa ni ne na je kallon giwaye, na dawo na ce a kora garke kudu, aka kora suka mutu. A cikin gidan nan kuma, mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta riƙa gaya muku cewa na hana, yayana ne ya ƙi ji. Don ta kare ni ta faɗi haka, ni kuwa na bar ta tana faɗi shekara da shekaru ban gyara ba. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ban ce a tafi ba, ban kuma ce a zauna ba, kuma wannan ne abin da nake so in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Shekara ta biyu ce ta farin da ya same mu ina matashin malami. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare a Isa, ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, kuma ni kaɗai ne mai digiri a danginmu kaf. Rugarmu tana gefen Gangara, a ƙasar Sabon Birni. Muna noma muna kiwo. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baffa Jaɓɓi ne ya riƙe mu, Hamma Dikko kuma shi ke bin shanu tun ina aji ɗaya. A waccan damina gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ko kai bai fitar ba. Karan da shanu suka saba shiga su ci bayan girbi babu shi. Duk gawon da ke tsakanin Gangara da Unguwar Lalle an sassare masa rassa har ya koma kamar turke. Mutanen Faransa, wato makiyayan da ke gangarowa daga wajen Maraɗi, sai su wuce ta ƙofar rugarmu da jakuna ɗauke da fatu, ba saniya ko ɗaya a bayansu. Duk Juma'a da yamma nakan hau babur in je gida, kuma aikin da nake tararwa da safiyar Asabar shi ne tayar da shanu. Mutum biyu su kama ƙaho, ɗaya ya kama wutsiya, a ɗaga saniya a tsayar da ita a kan ƙafafunta, don wadda ta wuni kwance ba ta sake tashi. Jajaye ne shanunmu, masu dogon ƙaho, irin waɗanda in suka ƙoshi sai ka tsaya kallo. A lokacin kuwa kana iya rataya hularka a ƙashin ƙugunsu.

A cikin wannan hali ne tafiyar ta taso. Abokin aikina Malam Lawali, malamin kimiyya, mutum ne mai son yawo da dariya, shi ya haɗa kan malamai tun kafin damina cewa idan an yi hutu mu ɗauki motar makaranta mu je gandun namun daji da ke can ƙasar Bauchi, mu ga giwa da idonmu, tunda muna zana ta a allo ba mu taɓa ganinta ba. Na sa sunana tun lokacin da ake sa ran ruwa. Da hutu ya matso sai abin ya tsaya mini a rai. Yaya za a ce shanunmu suna faɗuwa, ni kuma ina cikin mota za ni kallon dabbobin da ba na kowa ba? Sau uku ina zuwa wajen Lawali in ce ya cire sunana, sau uku ina komawa in ce ya bari tukuna. A ƙarshe ya ce da ni ya gaji da goge takarda, in je in tambayo a gida.

Na sami Baffa a gindin aduwa yana murza igiya. A zamaninsa shi ne garson yankinmu, wato mutumin da ake turawa gaba ya dubo ƙasa kafin a tashi da garke, ya ga inda ciyawa take da ruwa, ya dawo ya ce a tashi ko a zauna. Amma a lokacin gwiwoyinsa sun ƙi, ko kasuwar Sabon Birni sai a kan jaki. Na gaya masa zancen tafiyar cikin jin kunya, na ƙara da cewa ina ganin fasawa za ni yi. Ya ajiye igiyar. Shi da sunana yake kirana, Sanda.

"Kwana nawa mota ka yi kahin ta kai?"

"Biyu, Baffa, ko uku. Ya danganta da hanya."

"Tahiyar wata biyu ke nan ga saniya. Sanda, za ka ga ƙasar wata biyu cikin kwana ukku, kana zamne, kac ce za ka hwasa? Tahi. Kai na garsonmu bana."

Na ce masa ni ban san aikin garso ba. Hamma Dikko, wanda ke tsaye yana jinmu, ya yi dariya.

"Shekara nawa kana karatun ƙasa, Malam? Ashe ƙasar takarda anka koya maka, ba wadda saniya ka takawa ba?"

Baffa bai kula shi ba. Ya lissafa mini abu uku. In tsinko ciyawar wurin in tauna, in kuma kawo masa ita. In duba kashin shanun ƙasar da fatarsu, ba ƙibarsu kawai ba. Sannan in je bakin ruwa da tsakar rana, in naɗe hannun riga, in zauna shiru kamar saniya mai tuƙa, in ga abin da zai zo ya cije ni. Na rubuta su a littafi, ɗaya, biyu, uku. Na tuna Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga bukka ta ga ina rubutu, ta ce Allah ya sa takardar ta san hanyar gida.

Tafiyar ba ta yi mini daɗi ba, ko da yake ba za ni ce laifin kowa ba ne. Mu goma sha ɗaya ne a motar, ana ta waƙa da gardamar ƙwallo, ni kuma fuskata na jikin taga ina duban ƙasa. Daga Shinkafi har Gusau babu bambanci da gida. Bayan Zariya ƙasa ta fara yin duhu, da muka hau duwatsun Jos muka gangara sai na fara ganin ciyawa a tsaye a bakin hanya, busasshiya amma tana nan, ba wanda ya ci. Duk inda aka tsaya shan mai ko salla sai in ruga in tsinko in tauna, har Lawali ya sa mini suna Bunsurun Gobir, sunan da ya bi ni har rugarmu, bai kuma sake ni ba har na bar makarantar.

Washegarin isarmu, da sassafe, aka ɗora mu a wata buɗaɗɗiyar mota mai benci, mu da waɗansu Turawa huɗu masu kyamara, aka shiga daji. Wanda ya yi mana jagora wani dattijo ne, Malam Gambo, tsohon maharbi da ya koma aikin gadin dajin. Ba za ni ɓoye muku ba, abin da na gani ya girgiza ni. Gamba ta fi tsayin motar. Gwanki da kanki suna tsaye suna kallonmu ba su ko gudu ba, gwaggon biri ya zauna a tsakiyar hanya kamar mai karɓar haraji sai da direba ya yi masa hon. Da muka kusa kogi Malam Gambo ya ɗaga hannu, mota ta tsaya, giwaye suka fito daga cikin kurmi suna tsallaka hanya ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yansu a tsakiya. Lawali, mai surutun nan, sai salati yake yi a hankali. Ni ma na kalle su, amma idona ya fi tsayawa a kan reshen da wata ta karya ta ci rabi ta yar, ɗanyen ganye shar, wanda da a gida ne da saniya uku sun kwana da shi. Can gaba muka tarar da garken ɓauna a fadama. A nan ne na kasa. Baƙaƙe ne, ba su yi kama da namu ba, amma yadda suka sunkuyar da kai suna ci, da ƙarar da ciyawa ke yi a bakinsu, da cikinsu a cike har yana sheƙi, sai hawaye suka zubo mini. Wata Baturiya ta ga ina share ido ta yi mini murmushi, ina jin ta ɗauka kyan dajin ne ya taɓa ni.

Da rana sauran suka tafi wanka a wani ruwa mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa. Ni kuma na roƙi Malam Gambo ya raka ni bakin kogi. Na naɗe hannun riga na zauna a kan wani kututture. Ban daɗe ba na ji kamar an soka mini allura mai zafi a wuya, na kai mari, kafin in duba hannuna an sake soka mini a damtse, ta cikin riga ma. Malam Gambo ya kama ɗaya ya nuna mini a tafin hannunsa, ƙuda ne mai ruwan ƙasa, fukafukansa a haɗe kamar almakashi.

"Tsando ke nan, Malam. Kai ba ɗan Fulani ba ne? Ai kun san shi."

Na ce a littafi na san shi, a wajenmu babu.

"To shi ne mai dajin nan, ba mu ba. Kana ganin ciyawar nan ta kai haka don mun iya gadi ne? Mu nawa ne? Ɓauna ta saba da shi, ya sha jininta ta tashi ta kama gabanta. Saniya kuwa in ya sha ta, sai sammore. Tana cikin ciyawa har wuya tana ramewa."

Na tambaye shi ko a wajen gandun ma haka ne, tunda dai cikin gandun an hana kiwo.

"Ƙuda ya san iyaka? Inda kurmi da ruwa suke, yana nan. Sai dai wani wuri ya fi wani."

Wannan kalma ta ƙarshe, wani wuri ya fi wani, ita na riƙe, kuma ina jin na riƙe ta ne don ta ba ni wurin ɓuya. A hanyar dawowa, ba nisa da ƙofar gandun, na hango ruga na roƙi direba ya tsaya. Fararen shanu ne, a ƙoshe. Mai su ya karɓe ni da fara'a da ya ji Fillancina. Ya ce ciyawa ba ta yanke musu, sai dai da ruwa ya sauka sukan matsa kan tudu, kuma sukan yi wa shanu allura in sun samu. Na tambaye shi jajaye irin namu fa? Ya ce bai taɓa ganin sun shekara a nan ba, amma shi bai ce ba za su iya ba. Ina shirin zagayawa in duba kashin shanun kamar yadda Baffa ya ce, direba ya danna hon, malamai suna ta kiran Bunsurun Gobir ya zo a tafi. Na ji kunyar tsayar da mutum goma saboda kashin shanu. Na yanki gamba da harkiya na cika jakata, na koma mota.

A kwana ukun dawowa na rubuta shafi goma sha ɗaya. Na yi su yadda aka koya mini a jami'a, abin da ke goyon bayan tafiya a gefe guda, abin da ke hana ta a gefe guda, ban bar komai ba. Wuyana ya kumbura inda tsandon ya cije ni, ina rubutu ina sosawa. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Tun a bakin kogin nan zuciyata ta riga ta yanke cewa shanunmu ba za su rayu a can ba. Ban tabbata ba, don ba a tabbata da irin wannan, amma da garken nawa ne ni kaɗai, da ban kai shi ba.

Na isa ruga da hantsi, an gama tayar da shanu. Babu Wule a cikinsu, jikar saniyar da aka yaye ni da nononta, ta faɗi ina can. Aka shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, Baffa da Hamma Dikko da maƙwabta biyu suka zauna, Inna tana daga nesa kaɗan tana wanke ƙwaryar da babu abin da aka zuba a cikinta. Baffa ya miƙo hannu, na ba shi ciyawar. Ya shinshina, ya tauna, ya miƙa wa Hamma. Kafin Hamma ya kai baki, wata karsana da ke bayansa ta miƙo wuya ta fizge damin gaba ɗaya, sauran suka taso suna tangaɗi suna bin ta. Ba wanda ya yi dariya. Na ga yadda Hamma yake kallonsu, na san rabin shawarar an riga an yanke ta.

Na buɗe littafi na fara karantawa. Na faɗi tsayin ciyawa, na faɗi kogin da ba ya ƙafewa, na faɗi giwaye da ɓauna, don sun tambaya, har maƙwabcinmu yana son ya ji ko gaskiya ne giwa da hanci take shan ruwa. Na faɗi tsando, Allah shaida na faɗa, na ma nuna wuyana. Na faɗi maganar Malam Gambo, na bi ta da cewa wani wuri ya fi wani. Na faɗi fararen shanu, na faɗi abin da mai su ya ce game da jajaye, na bi shi da cewa shi ma bai ce ba za su iya ba. Duk maganar da na ajiye sai in kawo wata in jingina mata. Da na rufe littafin Baffa ya ɗago ya kalle ni.

"Mun ji labari, ya yi daɗi. Saura magana."

"Ai ita ke nan, Baffa. Duk abin da na gani na faɗa."

"Garso ba labari shika kawowa ba, ɗana. Kowa na iya ba da labari. Garso kalma guda shika kawowa. Mu tashi, ko mu zamna?"

Na ce abin yana da fuska biyu. Na ce idan aka samu wuri mai nisa da kurmi, kuma aka samu allura, wataƙila. Na ce a nan ɗin ma ai ba a san abin da rani zai yi ba.

"Malam," in ji Hamma Dikko, "ba jarrabawa muka yi maka ba, balle ka ji tsoron hwaɗuwa. Kai kat taka ƙasar. In naka na, kana kai su?"

Wannan ita ce tambayar, kuma ina da amsarta a bakina. Amma sai na hango abin da zai biyo baya. In na ce a zauna, rani ya cinye su a gabanmu, kowa zai ce mai digiri ya ga ciyawa har wuya ya hana a je. In na ce a tafi suka mutu, ni ne dai. Na duba ta ko'ina na ga sunana a jikin gawar shanu. Sai na sunkuyar da kai na ce:

"Hamma, ku kuka san shanu. Ni ban isa in yanke muku ba."

Na ɗauka ladabi na yi, har na ji sanyi a raina da na faɗa. Baffa ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da murzawa. Inna ce ta tare ni a bayan bukka lokacin da za ni tayar da babur. Hamma ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane, don haka a hankali ta yi magana, tana kallon wani wuri.

"Wancan tahiya za shi yi. Ka sani, na sani. In akwai abin da kab bari cikin cikinka, hiddo shi yanzu."

Na ce mata na faɗi komai, yana cikin littafi. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Bayan kwana shida Hamma ya tashi. A gidanmu ba a ƙidaya shanu da baki, don haka ba za ni ba ku adadi ba. Abin da za ni ce shi ne, da suka bi ta gefen Tozai na je na tsaya a bakin burtali, na gaisa da mutum uku ɗaya bayan ɗaya, gaisuwa mai tsawo, garken bai gama wucewa ba. Baffa ya riƙe tsofaffi da marasa ƙarfin tafiya, 'yan kaɗan. Ko a bakin burtalin nan ina iya tsayar da Hamma. Ya zo daidai ni, sanda a kafaɗa, ya ce in riƙa leƙa su Inna. Na ce to. Na ƙara da cewa ya dai riƙa nisantar kurmi, ya ce ya ji.

Ranin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In ina aji hankalina yana tasha, in ina tasha ina tambayar direbobin Gusau da na Zariya ko sun ga jajayen shanu a hanya, kamar jajayen shanu namu ne kaɗai a duniya. Na rubuta wa Hamma wasiƙa sau biyu cewa ya juyo, ban san inda za ni aika ba, kuma ko a cikin wasiƙar sai da na sa wataƙila. Albashina ya koma dusa da ƙaiƙayi. Mun yaye jinkar bukka biyu mun ba shanun Baffa, duk da haka muna jan mushensu muna kaiwa bayan gari. Wajen tsakiyar rani saƙo ya zo ta bakin wani mai sayar da kanwa cewa Hamma ya isa, ya rasa kaɗan a hanya, sauran sun murmure har bijimai suna faɗa. Ran nan na yi murna, har na fara gaya wa kaina ashe gara da ban hana ba. Na ma bari maƙwabta suna yaba mini, suna cewa karatu ya yi rana. Daga nan ba mu sake jin komai ba har ruwa ya sauka.

Bayan girbi ya dawo. Ranar kasuwar Isa ce, wani ɗalibina ya ce ya ga yayana a bakin gulbi. Na same shi zaune a kan yashi, ya rame har na yi shakkar shi ne. Abin da ya dawo da su suna tsaye a gefensa, igiya ɗaya ta ishe su. Gashinsu a tashe, idanunsu suna zubar da ruwa. Muka gaisa, ya tambayi Inna da Baffa, na ce suna lafiya, na gaya masa uku sun rage a gida. Ya ce da damina ta kama ƙudan ya cika ko'ina, har inda babu kurmi. Ya nemi tudu, ya tarar masu wurin sun riga sun cika shi. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne suna mutuwa da ɗanyar ciyawa a baki. Na fara cewa ai da ma, sai ya ɗaga hannu.

"Sanda, tambaya guda. Ran da kad dawo, ka san ba su rayuwa can?"

Na ce ban tabbata ba.

"Ban ce ka tabbata ba. Zuciyarka mi tac ce?"

Na ce ta ce kada a je.

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana zane a yashi da sandarsa. Babu fushi a muryarsa da ya yi magana, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

"Da ka ce zamna, wataƙila in ƙi ji, ka san halina. Da ka ce tahi sunka mutu, da na ce ni da ƙanena munka yi kuskure. Ko wace kac ce, da mu biyu muna cikinta. Amma kai ka tsaya bakin gulbi da rigarka busassa. Wagga hasara tawa ta, ni ɗai."

Har yau ban san ko da sun zauna za su rayu ba. Na Baffa ma ai mafi yawansu sun mutu. Na sha auna wannan a raina, wani lokaci in ga kamar babu abin da kalmata za ta canza. Amma ba wannan Hamma ya tuhume ni da shi ba, kuma ku ma kada ku tsaya a nan.

Bai sake kiwo ba. Ya bar wa Baffa abin da ya rage, ya koma Sabon Birni yana kora wa fatake shanu ranar kasuwa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da muka yi a bakin gulbi ba, shi ya sa 'ya'yansa suka haɗa nasu labarin. Bai yanke zumunci ba. Kun san shi, ya zo sunan kowannenku, ya ɗauke ku a kafaɗa. Abu guda ya daina, bai sake tambayata shawara ba. Zai aurar da ɗiya, zai sayi gona, zai tafi Makka, sai dai in ji an gama. Mutanen gari suna zuwa ƙofar gidana da takardunsu da matsalolinsu, yayana kuwa ko farashin taki bai tambaye ni ba, shekara kusan talatin.

Sai da yanar ido ta rufe masa gani, muna tsofaffi mu duka. Likita ya ce a yi aiki a Sakkwato, waɗansu kuma suka tsorata shi cewa wane ya je ya dawo ba ya gani sam. Ya sa aka kawo shi gidan nan, kuna iya tunawa, ya zauna a zaure. Bayan an gaisa ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Malam, in tahi ko in bari?"

Na san abin da ake faɗi game da aikin, mai kyau da marar kyau, kuma na ji su duka sun taso mini har maƙogwaro, kowace da abokiyar jingininta. Na ce:

"Tahi. Ni za ni kai ka."

Aka yi aikin. Idon dama ya buɗe, na hagu bai buɗe ba, har ya rasu ba ya gani da shi. Ran da aka cire masa bandeji ya rufe na daman da tafin hannu, ya jujjuya kai, ya tabbatar babu komai a ɗayan. Ni kuwa ina tsaye na rasa inda za ni sa kaina, na fara ba shi haƙuri. Ya sauke hannun, ya kalle ni da ido ɗaya, ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun muna samari.

"Bari haƙurin nan, Bunsuru. Wanga da yam mutu, namu na mu biyu. Ɗauko min takalmana mu tahi gida."